Da abokin daka akan sha gari: Mdou Moctar da mutanensa

A ƙasar Hausa, in an ambaci waƙa, sunan mutum ɗaya ake kira. Mukan ce waƙar Shata, waƙar Narambaɗa, waƙar Ɗan Gurmu ko ta Ma'azu Ɗan Alalo, sai ka ce kowannensu shi kaɗai ya tsaya a fage. Amma duk wanda ya taɓa zama gaban makaɗi ya san akwai masu kalangu ko masu kotso a gefensa, akwai kuma ƴan amshi da ke riƙe masa gindin waƙa har ya numfasa ya ɗauko wani ɗa. In hannun mai ganga ya yi sanyi, ko ƴan amshi suka yi sakaci, komai fasahar uban kiɗa waƙar ba ta tashi. Duk da haka sunayen waɗannan mutane ba safai suke shiga bakin jama'a ba, balle takardun da muke koyarwa da su.

Wannan al'ada tamu ta manta na baya ita ta sa na ga ya dace in yi wa ƴan'uwana malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu magana a kan wata ƙungiyar makaɗan zamani ta ƙasarmu, wadda ita ma duniya ta san ta da sunan mutum ɗaya, wato Mdou Moctar. A jaridun ƙetare sunan nan yana nufin mutumin, yana kuma nufin ƙungiyar. Mutum huɗu ne suka yi faya-fayan da suka fito a 2021 da 2024 da 2025: Mahamadou Souleymane, wanda ake yi wa laƙabi da Mdou Moctar, mai waƙa da gitar ta jagora, Ahmoudou Madassane, mai gitar ta rakiya, Souleymane Ibrahim, mai ganguna, da Mikey Coltun, Ba'amurke, mai gitar bas. Abin da nake son nunawa shi ne, tarihin wannan ƙungiya tarihin sana'a ne, irin wadda ake koyo da jimiri, a kuma riƙe ta da amana tsakanin abokan aiki.

Kafin nan, ya kamata mai karatu ya san irin kiɗan da ake magana a kai. Buluz kiɗa ne na baƙaƙen fatar kudancin Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, ya yi ƙarfi musamman a yankin kogin Misisipi. Da mutanen suka yi ƙaura zuwa biranen arewa neman aiki, makaɗa irin su Muddy Waters suka haɗa gitar da wutar lantarki a Shikago. A shekarun 1960 samarin Ingila suka ɗauki wannan kiɗa, suka ƙara masa amo da sauri, aka samu abin da ake kira buluz-rok. Kayan aikinsa kaɗan ne: gitar ɗaya ko biyu, bas, da ganguna. Mafi yawan karinsa a kan muryoyi biyar yake tafiya, kuma kunnen da ya saba da goge da gurmi da molo ba ya jin wannan tsani a matsayin baƙo. Shi ya sa da Turawa suka ji gitar Ali Farka Touré na Mali, da ta Abzinawan Tinariwen, suka laƙaba mata sunan buluz na hamada. Su Abzinawa kuwa suna da nasu suna, assuf, kalmar da ke ɗauke da ma'anar kewa da begen gida. Kiɗan ya taso ne a hannun samarin da fari da rashin aiki suka kora Aljeriya da Libiya a shekarun 1970 da 1980. A Nijar, Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, yana cikin waɗanda suka fara shuka shi.

Shi Mdou Moctar ɗan Azawak ne, cikin jihar Tawa, an haife shi a tsakiyar shekarun 1980. Gidansu gidan addini ne, ba su yi maraba da kiɗa ba, abin da ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani a kansa ba. Yana yaro ya ga wasan Abdallah Oumbadougou, abin ya shiga ransa, ya sassaƙa katako ya ɗaura masa wayoyin birkin keke a matsayin tsarkiya, da ita ya fara koyo. Bahago ne, da hagu yake kaɗawa. Kamar dubban samarin arewacinmu, shi ma ya taɓa zuwa Libiya ci-rani kafin ya dawo ya rungumi gitar.

A 2008 ya ƙetara iyaka ya je Sakkwato, ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a wani situdiyo na can, waɗanda aka tara a ƙarƙashin sunan Anar. Lokacin kiɗan fina-finan Hausa ne ke tashe, da gangar inji da na'urar nan ta Auto-Tune mai lanƙwasa murya. Haka aka yi wa waƙoƙinsa ado, sai ga waƙar Tamajak cikin rigar Kano. Babu kamfanin da ya buga su a lokacin. Daga salula zuwa salula suka yi ta yawo, ta Bluetooth da ƙananan katunan ajiya, har suka kai Mali. Ina tuna shekarun nan sosai, domin ina sabon shiga aikin koyarwa. A lokacin hutun tsakar safiya za ka ga ɗalibai sun haɗa kai su biyar ko shida a gindin bedi, waya a kan waya, ana tura waƙa. Yawancin abin da suke turawa ba ya da sunan mai shi, in ma akwai to guntu ne. Na sha jin muryar nan mai rawa tana fitowa daga aljihun yara waɗanda ba su jin kalma ɗaya ta Tamajak, kuma ba su damu ba. Kari ne ya kama su, domin ya yi kama da wanda suka saba ji a fim.

Ta wannan hanya ce wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin faya-fayai na Sahel Sounds, ya tsinci waƙar «Tahoultine» yana tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane a Kidal. Ya saka ta cikin faifan da ya kira Music from Saharan Cellphones, sannan ya shiga neman mai ita har ya same shi, ya kuma kawo masa gitar da aka ƙera domin bahago. A 2013 aka fitar da Afelan, wanda aka ɗauka a Cintabaradan. A 2015 aka fitar da fim ɗin da suka yi a Agadas cikin harshen Tamajak, Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka gina a kan fim ɗin mawaƙin Amurka Prince mai suna Purple Rain. Malamin harshe zai so ya san ma'anar wannan dogon suna: ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki, saboda masu fim ɗin ba su samu kalma guda a harshen da ta dace da launin da Prince ya ambata ba.

Wanda ya tsaya nan zai ɗauka labarin sa'a ne, yaro ya yi waƙa, Bature ya ji, ƙofa ta buɗe. Abin da wannan ɗauka ta tsallake shi ne shekarun biki. A Agadas, makaɗin gitar a gidajen aure yake cin abinci. Ana shimfiɗa tabarmi a fili, a tayar da injin wuta, a jona lasifikar da ƙura ta riga ta shaƙe, a yi ta kiɗa sa'o'i. Ƙungiyoyi suna da yawa a garin, kowace tana neman a kira ta gobe, kuma jama'ar biki ba su san kara ba: in kiɗa bai motsa su ba, fili zai zama wayam. Nan ake koyon yadda ake fara kari a hankali a yi ta ƙara masa wuta har masu rawa su manta gajiya, nan ake koyon abin da za a yi in tsarkiya ta tsinke ko wuta ta ɗauke a tsakiyar waƙa. Mutum ɗaya ba ya iya wannan aiki. Mai gitar ta jagora yana samun damar yin shawagi ne kawai in akwai waɗanda suka tsare masa ƙasa.

Na farkon masu tsaron nan shi ne Ahmoudou Madassane, wanda ya fi kowa daɗewa tare da Mdou. Aikinsa shi ne ya riƙe zubi ɗaya na kari, ya yi ta maimaita shi minti bakwai ko goma ba tare da ya karkace ba. A ido abin kamar mai sauƙi ne, amma duk wanda ya taɓa yin amshi ya san wahalar maimaita abu guda cikin natsuwa alhali wani yana gefenka yana ta zuba fasaha ana yi masa tafi. Ahmoudou ba ƙaramin makaɗi ba ne a karan kansa. Shi ne jarumin fim ɗin Zerzura na 2017, shi ya yi kiɗan fim ɗin, ya kuma yi rakiya da gitar ga Les Filles de Illighadad, ƙungiyar matan nan ta Fatou Seidi Ghali da ta fito daga wani ƙauye na wajen Abalak. Mutumin da zai iya tsayawa gaba ya zaɓi ya tsaya gefe shekara da shekaru. A wurina wannan hali ya cancanci a yi nazarinsa kamar yadda ake nazarin yatsun jagoran.

Na biyu shi ne mai ganguna. A faifan Ilana na 2019, wanda aka ɗauka a birnin Ditiroyit, Aboubacar Mazawadje ne ya kaɗa. Daga Afrique Victime na 2021 kuwa Souleymane Ibrahim ne a kan kujerar. Gangunan na Turawa ne, amma abin da yake fitarwa daga cikinsu na gida ne: karin takamba, da karin tende, gangar nan da matan Abzinawa ke yi da turmi a rufe bakinsa da fata. Saurari waƙar da ta ba faifan 2021 sunansa, za ka ji yadda take farawa cikin sanyi, sannan mai ganga ya dinga matsa ta kaɗan-kaɗan, kamar raƙumin da ya tashi daga tafiya ya shiga sassarfa ya kai ga sukuwa, ba tare da ka iya nuna daidai inda saurin ya sauya ba. Wannan dabara ta fagen biki ce, ita ce kuma abin da ya fi raba su da makaɗan rok na Turai, waɗanda galibi sukan tsaya a kan gudu ɗaya daga farko har ƙarshe.

Na uku shi ne baƙon cikinsu. Mikey Coltun ɗan wajen Washinton ne, ya shiga ƙungiyar a wajajen 2017. Ban da bas, shi ne ya tsara ɗaukar faya-fayan da kamfanin Matador na Amurka ya buga musu tun daga 2021. Abin da ya sa nake ganin girmansa shi ne ya zo inda kiɗan yake. Ya sauka Yamai, ya hau motar Agadas, tafiyar kilomita wajen 950 ta Doso da Ƙonni da Tawa da Abalak, ya zauna da su, ya yi kiɗan biki tare da su cikin ƙura. Mun saba ganin Bature ya zo da na'ura ya ɗauki muryar mutanenmu ya tafi. Wannan ya zauna ya koyi kari kamar kowane yaron makaɗi, sannan ya ɗauki nauyin da ba a gani a dandali, irin na shirya tafiya da haɗa sauti. Ita ma wannan hanya ta Tawa zuwa Agadas, da mu duka muka san halinta, su ukun nan sai sun biyo ta kafin su ga jirgin da zai kai su wasa Turai ko Amurka, su kuma sake bin ta in sun dawo.

Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ranar 26 ga Yuli 2023, da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ƙungiyar tana tsakiyar zagayen wasanni a Amurka. Aka rufe iyakoki, daga baya aka rufe sararin samaniya, ƴan Nijar ɗin uku suka rasa hanyar komawa wurin iyalansu. Masu son kiɗansu suka yi karo-karo ta intanet domin a samu na masauki da abinci. A cikin wannan zaman jira, maimakon kowa ya kama gabansa, sai suka shiga situdiyo a Buruklin, suka sake ɗaukar waƙoƙin sabon faifansu da gitar marar lantarki da kayan kiɗa masu taushi. Asalin faifan, Funeral for Justice, an riga an ɗauke shi kafin juyin mulkin, ya fito a Mayu 2024. Wanda aka yi cikin kewar gida, Tears of Injustice, ya fito a Fabrairu 2025. Waƙoƙi iri ɗaya ne, sau ɗaya da tsawa, sau ɗaya da raɗa. Kalmar nan assuf da na ambata a baya, a faifai na biyun na fi jin nauyinta.

Abin da suke faɗa a waƙoƙin ma ya shafe mu. Suna magana a kan zaluncin da aka yi wa Afirka, da abin da Faransa ta bari a baya, maganar da ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya san cewa tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit alhali ƙauyuka da yawa na ƙasar suna kwana cikin duhu. Amma wadda ta fi taɓa ni, ni mai koyar da Faransanci da safe in koyar da Hausa da rana, ita ce «Imouhar», inda yake kiran Abzinawa su riƙe harshensu kada ya salwanta. Ga mutanen da suka cika manyan zaurukan wasa a Turai da Amurka, da rawunansu da manyan rigunansu, ba su sauya harshe domin a saye su ba. Da Tamajak suke mafi yawan waƙoƙinsu, jama'ar can suna tafi ba su ji ba, kamar dai yadda ɗalibaina suka yi a gindin bedi. Nakan kawo wannan misali ga yaron da ke jin kunyar rubuta sunan ƙauyensu da Hausa, ko wanda ke ganin sai da harshen wani ake zama mutum.

Tarihin buluz-rok cike yake da ƙungiyoyin gwanaye da suka kasa zama tare. Cream, ta Eric Clapton da Jack Bruce da Ginger Baker, an kafa ta a 1966, ta watse a 1968, kuma rashin jituwa tsakanin mai bas da mai ganguna yana cikin manyan dalilai. Ƙungiyar Jimi Hendrix, bahagon da ake yawan kwatanta Mdou da shi, an kafa ta a Landan a 1966, ba ta wuce 1969 ba. Gwaninta ba ta taɓa yi musu ƙaranci ba. Abin da ya yi wuya shi ne mutane su jure wa juna a mota da masauki, su yarda da rabon kuɗi, kowa ya san matsayinsa ba tare da ya ji an raina shi ba. Ta wannan ma'auni nake duban mutum huɗun nan, waɗanda suka fito daga nahiya biyu, suka haɗa faifai uku cikin shekara huɗu, suka ratsa lokacin annobar korona da lokacin rufe iyaka ba su rabu ba.

To, mu fa, yaya muke yi da namu? Na taɓa zama cikin kwamitin shirya wani makon al'adu, aka gayyato ƙungiyar samari masu gitar su biyar. A takardar sanarwa sunan mai waƙa kaɗai aka rubuta. Da aka zo abinci, shi aka shigar ɗakin manyan baƙi, sauran suna waje suna naɗe wayoyi. Da aka zo sallama, shi aka damƙa wa ambulan a ɓoye, ba wanda ya san nawa ne a ciki. Na yi magana a wurin, aka ce mini ai haka aka saba. Ba a rufa shekara ba ƙungiyar ta watse, mai gangunansu, yaron da ban taɓa jin mai hannu irin nasa a garin ba, ya koma kabu-kabu. Ba na cewa kwamitinmu ne kaɗai ya raba su, amma na tabbata mun ƙara wa ɓarakar faɗi. Muna kukan cewa ƙungiyoyin kiɗa ba su daɗewa a ƙasar nan, alhali mu da kanmu muke koya wa jagora cewa shi ne kome, muna koya wa na bayansa cewa ba a bakin kome suke ba.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Ƙungiyar al'adun da ta kira makaɗa ta rubuta sunan kowa da abin da yake kaɗawa, a sanarwa da kuma a bakin mai gabatarwa. A yi maganar kuɗi a gaban dukansu. Gasanni irin ta Ɗan Gurmu da aka san Tawa da ita su ware kyauta domin gwanin ganga da gwanin rakiya. Mu malamai kuma, in mun tura ɗalibai bincike a kan makaɗin garinsu, mu sa su dawo da sunayen ƴan amshi da masu ganga, da shekarun da kowa ya yi a ƙungiyar, da wurin wanda ya koya. Tsofaffin da suka yi wa manyan makaɗan Damagaram da Katsinar Maraɗi da Adar amshi ba su ƙare ba tukuna, amma kullum raguwa suke yi, kuma kowane ɗaya ya tafi da waƙoƙin da shi kaɗai ya riƙe a ka.

Wanda ya samu dama ya saurari ɗaya daga cikin faya-fayan nan, ina roƙonsa ya saurara sau biyu. Karo na farko ya bi gitar Mdou duk inda ta kai shi, domin ta cancanci haka. Karo na biyu ya kawar da kunnensa daga gare ta, ya nemi hannun Ahmoudou, da ƙafar Souleymane, da kaurin bas ɗin Mikey, ya ji abin da suke ɗauke da shi. Daga nan sai ya koma kan tsofaffin kaset ɗinmu na kalangu da kotso ya yi musu irin wannan sauraro. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu daga cikin masu amshi, ya kuma ba mu ikon rubuta sunayen waɗanda suka rage.